Maɓallin da Ke Lilo

Tun da Baba ya rufe shagon ɗinkinsa, magana ta ɗauke masa. Na kai shi wurin wani mai ba masu damuwa shawara. Zama uku bai ce uffan ba, idonsa na kan wani maɓalli da ke lilo a rigar mutumin.

A zama na huɗu, mutumin ya miƙa masa rigar da allura. "Baba, a taimaka mini."

Zare na shiga allura, baki ya buɗe. Shekara sittin ana ce masa miskili, ashe sai hannunsa na aiki magana ke zo masa.

Yanzu duk Laraba mutumin kan tarbe shi da yagaggun kaya. Jiya Baba ya raɗa mini yana dariya, "Da almakashi yake yanka su. Na gane, na ƙyale shi."