Gishiri Kashi Biyu

A can ƙuryar kwarin Bartang, inda hanyar mota take gajiya ta koma turbar jaki, ba a fara yini sai da shayin madara mai gishiri, a ɗora masa man shanu, a gutsuttsura gurasa a ciki. Haka Gulbegim ta taso ta tarar, haka kuma take dafa wa mijinta Mirzosho tun ranar da aka kawo ta gidansa. Sai bara, ana tsakiyar girbin alkama, hannunsa na hagu ya saki lauje, bakinsa ya ɗan karkace. A asibitin birni aka ce hawan jini ne, aka ba shi ƙwayoyi, aka kuma ce ciwon yana iya dawowa.

Tun daga nan Gulbegim ta zama mai gadin numfashinsa. Da rana in ya kishingiɗa, hasken tagar rufi yana sauka a kan gemunsa, sai ta zauna da saƙar safa tana kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Ƙarar kogi ba ta yankewa a garin, kuma tana sa gyangyaɗi. A cikin gyangyaɗin nan take ganin mahaifiyarta, wadda irin wannan ciwo ya ɗauke tana tsakiyar tankaɗe, tana tafe a kan rufin gidaje tana juya 'ya'yan itacen tut masu zaƙi da aka shanya, ba ta waiwayowa. In ta farka sai ta rasa ko daɗi ta ji ko tsoro.

Da ƙanƙara ta narke hanya ta buɗe, sai ga farar mota ɗauke da buhunan gishiri da wata likita mai suna Nozanin. 'Yar kwarin ce, Gulbegim ta san uwarta, har ta taɓa goya ta tana majina. Yanzu ga ta da tabarau tana tara mutane a gindin wata babbar bishiya tana bayani.

Ta ce bincike suke yi a garuruwan tsauni. Akwai wani sabon gishiri da ake zaton yana sassauta hawan jini, amma ba a tabbatar ba a wajen mutanen da ke shan gishiri a shayi safe da yamma. Saboda haka rabin gidaje za su karɓi sabon, rabi su karɓi na gado, buhunan iri ɗaya sak. Na'ura ce ta jefa ƙuri'a. Kowa ya ci gaba da shan ƙwayoyinsa, ita kuma duk wata za ta zo ta auna jini.

"To namu wanne ne?" in ji Gulbegim.

"Wallahi, Gwaggo, ni ma ban sani ba."

"Ke kika ɗauko kaya ba ki san abin da ke ciki ba? Karatun nan naku dai da saura."

Aka yi dariya, Nozanin ma ta yi. Ta ce da gangan aka ɓoye mata, don kada son zuciya ya shiga awonta. Ta roƙe su kowane gida ya tsaya a kan buhunsa. Kowa ya gyaɗa kai, don mutanen kwarin ba sa musa wa baƙo a gaban idonsa.

Motar ba ta gama ɓacewa a bayan dutse ba Gulbegim ta fara jin buhun ya yi mata nauyi a zuci. Ta ajiye shi kusa da murhu ta yi ta zagaya shi kamar baƙon kare. In na gado ne fa? Ke nan a gidan da ke jikin nata ana shan lafiya, ita kuwa da hannunta take zuba wa mijinta abin da ya karkata masa baki. Abin ya ƙona mata rai, kuma ta ji haushin na'urar da ba ta taɓa ganin Mirzosho ba amma ta yanke masa rabo.

A garin nan kuwa akwai yadda ake yi da duk abin da ya shigo daga waje. Garin alkama ne da aka kawo shekarar da dutse ya toshe hanya, ko naman sadaka, ko man fitila, wuri guda ake tarawa a raba da kwano ɗaya. Ba a taɓa jin wani gida ya ci mai kyau wani ya ci saura ba. Don haka da Gulbegim ta leƙa wajen maƙwabciyarta Shahribonu, ba ta ma gama magana ba waccan ta ce, "Yaya, abin da ke raina ke nan tun ɗazu. Yarinyar nan ta daɗe a birni, ta manta."

Washegari da hantsi mata suka hau rufin Gulbegim, kowacce da buhunta. Aka shimfiɗa babban mayafi, aka zazzage. Gishirin ya taru fari fat a ƙarƙashin rana har ido ba ya iya tsayawa a kansa, iska tana ɗibar ƙurarsa tana kai ta wajen tsaunuka. Suka zuba hannuwa har gwiwar hannu suna juyawa, wata tsohuwa tana rera waƙar niƙa a hankali. Gulbegim ta ji kamar ba a kan rufi take ba, kamar su duka suna shawagi a bisa kogin, su da farin tulin nan, babu mai ciwo a cikinsu. Aka raba da kwano ɗaya, kowacce ta sauka da rabonta da sanyin zuciya.

Bazarar nan ta yi wa Gulbegim daɗi. Shayin ya ɗan sami wani ɗaci-ɗaci a ƙarshen harshe, Mirzosho yana ta mita.

"Tsohuwar nan, ko dai kin fara zuba min toka ne ki huta?"

"Da toka zan zuba ai da tuni na huta. Shanye ka ba ni kwanon."

Ita kuwa ɗacin nan shi ne kwanciyar hankalinta, don a wajenta alamar sabon gishirin ce. Duk kurɓar da ya yi ya yamutsa fuska, sai ta ji kamar an ƙara masa kwana.

Nozanin tana zuwa duk wata, ta ɗaura masa abin awo a damtse, ta karɓi fitsari a 'yan kwalabe. Da kaka ta kama sai ta zo fuskarta ba walwala. Ta zauna, ta karɓi shayi, ta ce akwai abin da ya ɗaure musu kai: gwajin gidajen garin nan duk ya fito iri ɗaya, kamar daga tukunya guda ake ci.

"Ai kusan haka ne," in ji Mirzosho, wanda bakinsa ya karkace amma bai koyi rufuwa ba. "Tambayi shugabar masu gauraya, ga ta nan."

Nozanin ta ajiye kwanon. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi. Ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi da gefen ɗankwali.

"Gwaggo, kin san abin da kika yi?"

"Na yi abin da uwarki za ta yi. Don me wani zai samu wani ya rasa?"

"Ya samu me? Nan ne ba ku ji ni ba. Ba mu san ko sabon yana da amfani a nan ba. Wataƙila yana taimako, wataƙila ba ya komai, wataƙila ma akwai wanda yake cutarwa. Hanya ɗaya ce ta sani, a ajiye kashi biyu a ga bambanci. Yanzu kun mayar da su ɗaya, wahalar wata da watanni ta bi ruwa."

"To a ba kowa sabon mana."

"In ya zamana shi ne mai cutar fa? Wa zai gane, tunda babu na kwatantawa? Kowa a kwarin nan yana da wanda ya faɗi a gona. Ni ma babana haka ya tafi. So nake jikokinki su san abin da za su zuba a tukunya, ba su yi ta canka kamar mu ba."

Sannan ta faɗi wadda ta fi zafi. Manyanta sun ce a cire garin daga binciken. In an cire, motar ba za ta ƙara hawowa ba, babu mai auna Mirzosho duk wata. Ta roƙa an ba su dama ɗaya: a kwashe gaurayen, a sake jefa ƙuri'a, a kawo sababbin buhuna, amma kowace uwargida sai ta yi alkawari da bakinta.

Gulbegim ta dubi mijinta. Ya ɗaga kafaɗarsa mai lafiya ya ce, "Ni dai duk wanda ya zo, sha zan yi. Ke ce mai dafawa."

Ta yi alkawarin, muryarta can ƙasa.

Sababbin buhunan sun iso ana gab da rufewar hanya, ranar da ƙanƙarar farko take saukowa a hankali kamar ba ta yanke shawara ba. Gulbegim ta kwance bakin nata, ta dangwala yatsa ta kai harshe. Ta sake dangwalawa. Ta kurkure baki ta sake. Gishiri ne garau, babu ɗaci ko na misali. Nozanin ta sha gaya musu harshe yana yaudara, kada kowa ya yarda da shi. Gulbegim ta maimaita wa kanta wannan magana, amma zuciyarta ta riga ta yanke cewa na gado ne ya faɗo musu.

Tana nan durƙushe Shahribonu ta shigo da wani abu a ƙarƙashin mayafi, ta waiga ta ga Mirzosho yana barci, ta yi ƙasa da murya.

"Yaya, nawa da ɗaci. Mu lafiyarmu ƙalau a gidan, ku ne masu buƙata. Kawo naki, karɓi wannan. Wa zai sani?"

Buhun yana nan a tsakaninsu, ko hannu ba sai ta miƙa sosai ba. Gulbegim ta ji son abin nan har cikin ƙashinta, ba ta taɓa son wani abu haka ba, ko zinariyar aure. Ta rufe ido, ƙarar kogin ta cika mata kunne, ta ga kwarin duka daga sama, gida bayan gida, kowanne da hayaƙinsa, kowanne da mace a gaban tukunya tana zuba abin da ba ta sani ba. Rabinsu dole na gado ne zai faɗo musu, kamar ita.

"Mayar da shi gidanki," ta ce.

"Yaya, ki yi tunani."

"Na yi. Tafi da shi tun ban canja ba, don Allah."

Da Shahribonu ta fita sai ta hura wuta, ta ɗora madara, ta jefa ganyen shayi. Ta ɗebo gishirin da yatsu uku kamar kullum, hannunta ya tsaya a kan tukunyar har tururi ya fara ƙona shi, sannan ta saki. Ta tayar da Mirzosho, ta gyara masa matashi, ta riƙe masa gindin kwanon saboda hannun nan.

Mirzosho ya kurɓa, ya lumshe ido, ya sake kurɓa.

"Yauwa," ya ce. "Yau kam kin tuna da ni. Rabona da shayi mai daɗi haka tun kafin bazara. Ƙara min."

Ta ƙara masa har baki. Sannan ta ce bari ta duba akuyoyi, ta fita ba ko mayafi, ta tsaya a bayan garke inda ba zai ji kukanta ba.