A Gaban Suruki

"Inna, matso da kunnenki," in ji Zuhura, hannunta dafe da mara.

Sa'a ta ajiye kwanon fura a kan bencin masu ziyara ta matsa. Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu a garin Ƙofa, kuma tun da aka kawo Zuhura amarya, Sa'a ce uwar ɗakinta. Yanzu ga yarinyar a gidan yari tana jiran shari'a, don ta rotse kan wani da ya kora shanu cikin wakenta. Mijinta yana ci-rani a kudu, wayarsa ma ba ta shiga.

"Ciki gare ni, Inna. Ƙarami ne, ban hwaɗa ma kowa ba. Tun shekaranjiya nike ganin jini, ga gehen nan kamar ana soka mani wuƙa."

"Innalillahi! Kin gaya ma matar da ke tsaronku?"

"Ta tahi gida, rasuwa aka yi masu. Maza ne kaɗai. Mai ba da magani kau sai ta ga damar zuwa. Ke ki hwaɗa masu don Allah, ni bakina ba ya iyawa."

"Kwantar da hankalinki, ɗiyata. Yanzun nan za su ji."

Sa'a dai ba matsoraciya ba ce. Matar da ta taɓa wanke direba tas a tashar Kankiya, har 'yan kamasho suna ba ta haƙuri, ai ba kaki ne zai firgita ta ba. Ta fito da zafinta ta nufi teburin bakin ƙofa. Ashe an yi canjin aiki tana ciki. Wanda ke zaune yanzu Bishir ne, gandiroba, mijin 'yarta ta fari. Don gudun haɗuwa da shi ma ta yi sammako.

Yana ganinta ya miƙe zumbur, ya durƙusa da kakinsa, kai a ƙasa.

"Inna, an zo lahiya? Ya kika same ta?"

Shekara da shekaru ba su taɓa haɗa ido ba, ko ruwa ba ta taɓa sha a gabansa ba. To yau da wane baki za ta ce masa ciki, ta ce masa jini? Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Ba ta jin daɗi dai. A taimaka mata."

"Zazzaɓi ne ke yawo, Inna. In sha Allahu zan sa a ba ta magani."

Ta ɗan tsaya ko wani gandiroban zai gifta. Babu wanda ya gifta, ga masu ziyara sun yi layi a bayanta. Sai ta wuce.

A mota ta yi ta lallashin kanta. Za ta gaya wa ƙanwarta Fatsuma, Fatsuma ta gaya wa 'yar, 'yar ta gaya wa mijinta. Ai haka irin wannan magana take tafiya a gidan mutunci. Da ta isa gida aka ce Fatsuma ta tafi biki Rimaye. Sa'a ta ce gobe da safe.

Da safen, labari ne ya riga Fatsuma isowa. Zuhura ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo, kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce cikin ba a mahaifa ya zauna ba, ya fashe, jini ya yi ta zuba ta ciki.

Sa'a ce ta yi mata wanka. Mata suna ta cewa kwana ne ya ƙare, ita ma tana cewa haka ne, amma ta sani sarai saƙo aka ba ta ta riƙe. Laifin ya zauna mata a ƙirji, abinci ya ƙi shiga.

Ranar sadakar uku Bishir ya zo. Ya tuɓe takalma tun daga zaure, ya tsuguna nesa da ƙofar ɗakinta, asabari a tsakaninsu. Ya ajiye wata baƙar leda mai kayan marigayiyar.

"Ya haƙuri, Inna? Wallahi abin nan ya hana ni barci. Ran nan motar gidan yari na nan tsaye da mai a ciki. Da mun san juna biyu gare ta, ni da kaina zan kai ta." Ya ƙara sunkuyar da kai. "Da kika shiga, ba ta ce maki komi ba?"

Sa'a ta buɗe baki. Ko a yanzu, da Zuhura ke ƙarƙashin ƙasa, kalmar ta ƙi fitowa. Bishir ya tsargu.

"Yi haƙuri, Inna. Na yi rashin kunya da na tambaye ki."

Ya miƙe a sunkuye, ya koma da baya da baya har zaure. Ledar tana nan inda ya bar ta a rana, bakinta a buɗe, wata kaza ta zo tana tsattsagar madaurin silifar da ya leƙo.