Gugar Tagulla

Kwana huɗu ina yawon neman allon tagulla a garin Bauchi, wallahi har takalmina ya tsinke. Aikina na kammala jami'a ke nan: in haɗa na'urar da za ta kashe injin ruwa idan tanki ya cika. Malaminmu ya rantse sai kowa ya yi allon na'urarsa da hannunsa. Ranar Litinin za a duba, wanda bai kawo ba zai maimaita shekara.

A kasuwar Muda Lawal wani ya miƙo min farantin shayi, wai shi ma tagulla ne. Masu kayan lantarki kuwa bakinsu ɗaya: "Sai dai Legas, Hajiya." Legas ɗin bayan gidanmu take? Sai ranar Asabar wani mai gyaran rediyo a unguwar Fadaman Mada, Zakka, ya tono min guda ɗaya tak daga ƙasan akwati, faɗinsa kamar tafin hannu. Saura kaɗan in yi kuka don murna.

Abin da ya rage sauƙi ne. An buga min zanen hanyoyin wuta a takarda mai santsi, sai a kifa ta a kan tagullar, a danna da dutsen guga har zanen ya kama. To, unguwarmu Yelwa kwana uku babu wuta. Dole na nufi shagon Baba Ɗanlarai mai wanki da guga, mai dutsen gawayi.

"Baba, zafi kaɗan. Dannawa kawai za ka yi, minti uku."

"'Yata, shekara talatin ina guga. Ke za ki koya min?"

Ya taɓa allon, ya ji tauri, ya ce wannan sai wutar shadda. Kafin in buɗe baki ya ƙara gawayi, ya fifita, ya hau shi da dukkan ƙarfinsa. Haba! Wari ya tashi. Da na ɗaga takardar, tagullar ta kumbura, ta ɓare daga jikin allon kamar ɓawon albasa.

Raina ya ɓaci. Shi ma jikinsa ya yi sanyi. Ya ajiye dutsen, ya ɗauko hularsa.

"Yi haƙuri, 'yata. Ni idan na ƙona kayan mutum, sabo nake saya masa. Faɗa min shagon da ake sayarwa, yanzu in je."