Alwalar Malam Datti

Tun kafin a zuba kwalta a layinsu na Unguwar Dosa, Malam Datti ke jan sallah a masallacin bakin titi. Mutum ne mai tsananin tsarki. In Fijo ta wuce ta fantsa masa ɗigon ruwan kwata, sai ya koma gida ya sake riga. Matarsa Mero kan ce rabin sabulun gidan a waswasin Malam yake ƙarewa.

To, shi ne hanjinsa ya toshe da damina. Aka yi masa aiki, aka yanke inda ya lalace, aka fito da bakin hanjin ta gefen ciki, aka manna masa leda. Yanzu ta nan bayan gida ke fita, ba sallama, ba neman izini.

"Likita, yaushe za a mayar mini?" ya tambaya ranar da za a sallame shi daga asibiti.

"Sai mun ga yadda jiki ya yi, Malam. Wasu ana mayar musu. Wasu haka suke zama."

Hukuncin kuwa ba sai ya tambayi kowa ba, shi ya sha karantar da shi a zaure: mai irin wannan larura sallarsa ta yi, amma ba a so ya ja masu lafiya. Da yake faɗa a lokacin, bai taɓa tunanin wa zancen zai faɗa wa ba.

Jama'a dai aikin ciki kawai suka sani. Ran da ya ji ƙarfi, ya ƙi cin komai tun safe don ledar ta yi shiru. Mero ta turara masa riga har gidan ya ɗauka.

"Malam, ka bari sai an kwana biyu mana," ta ce.

Ya yi alwala, ya sake, ya fita Magariba.

Masallaci ya kaure da sannu da jiki. Sabo, ɗalibinsa da ya riƙe limancin, ya ja da baya da fara'a.

"Allah gafarta Malam, bisimilla. Wurinka na jiranka."

Ya shiga gaba. Ladan ya tayar da iƙama. Malam na ɗaga hannu zai yi kabbara, sai ya ji ɗumi daga ledar yana sauka ƙarƙashin riga, a hankali, ba yadda zai yi ya tsayar. Ya sauke hannun.

"Sabo, shiga."

"Jiri ne, Malam?"

"Shiga dai."

Ya ratsa sahu ɗaya bayan ɗaya, ana matsa masa hanya, har ya kai bakin ƙofa inda ake tara takalma. Nan ya tsaya. Sabo ya fara Fatiha da irin muryar da Malam ya koya masa, har inda yake jan numfashi. Da aka kai ƙarshe, masallaci ya ce amin. Malam Datti ya buɗe baki zai ce, sai kuka ya riga shi.