Hannun da Aka Auna

Ni na sayi na'urar awon jinin, ni kuma na ja layuka a littafin rubuta awon, safe da yamma. Likitan ƙaramin asibitin unguwarmu ne ya ce a yi haka, ranar da ya gaya wa Baba cewa hawan jini da sukari da taba sun haɗe wa zuciyarsa kai.

Baba direban bas ne a cikin gari, kuma ya tsani farar ƙwayar nan mai sa fitsari da likitan ya rubuta masa. Wai har abokan aiki sun laƙaba masa Mai Tasha Goma.

Da yake ina gidan aurena, Mama na bar wa aikin awon. Wata uku lambobi suna fitowa tsaf, ɗari da ashirin, ɗari da sha takwas. A asibiti kuwa jinin Baba sai ya haura ɗari da sittin. Likita ya duba littafin, ya ce wasu ganin farar rigar likita kawai ke tayar musu da jini, na gida shi ne abin dogaro. Ya cire farar ƙwayar. Don murna har rungume Mama na yi a bakin ƙofa.

Wata ranar Talata da hantsi Baba ya dafe ƙirji a kan sitiyari. Allah ya sa bas ɗin na tsaye, aka kwashe shi zuwa babban asibiti.

Na je gida ɗauko masa kaya, na haɗa da na'urar. Nan na lura da maɗaurin hannun na'urar. Ya lanƙwashe a wuri guda, inda aka saba manne shi, zagayen bai fi kofin shayi ba. Damtsen Baba kuwa ko da hannu biyu ba na kewaye shi.

Da na koma asibiti, na sami Mama a benci, a ƙofar ɗakin da aka kwantar da shi. Na zura mata maɗaurin a damtse. Ya zauna daram.

"Mama, awon hannun wa nake kai wa likita?"

Ta sunkuyar da kai. "Cewa ya yi ƙwayar tana kunyata shi a gaban mutane. Ke kuma da lamba ta hau sai ki kasa sukuni. Gani na yi na hutar da ku duka."

Na ji haushin Baba, amma Mama ce ta ci amanata, ita da na yarda da ita fiye da na'urar.

Likitan ɗakin ya leƙo. "Akwai littafin awonsa na gida?"

Littafin yana cikin jakata.

"Babu, likita," na ce. "Ba a taɓa auna shi ba."