Kunnen Jawahir na Hagu

Da kunne ɗaya a lanƙwashe aka haifi Jawahir. Na dama lafiya lau, amma na hagu samansa ya ninko ƙasa ya bazo waje. Ranar suna kakarta ta wajen uba, Ya Gumsu, ta duba ta shafa, ta ce zai miƙe idan yarinya ta girma. Aka yi ta shafa masa man shanu ana dannawa bayan wanka, bai miƙe ba. Ji kam tana ji sarai, ko raɗa aka yi a tsakar gida sai ta ɗauko maganar.

A Kwaciri gidansu yake. Uban, Hambali, yana da shagon kayan masarufi a Kasuwar Singa. Uwar, Falmata, tana haɗa turaren wuta da humra a gida, sana'ar da ta gada wurin iyayenta da suka zo Kano daga Borno tun ba a haife ta ba. Babu wanda ya ɗauki kunnen a bakin komai har Jawahir ta kai shekara takwas.

A wani bikin dangi abin ya soma. An yi wa yara mata kitso da lalle, suna ta rawa kai a buɗe, sai wata yarinya ta nuna ta da yatsa ta ce, "Ku ga mai kunnen akuya." Yara suka kwashe da dariya. Jawahir ba ta yi kuka ba. Hijabinta ta nemo ta saka, ta koma gefen uwarta ta zauna har aka tashi. Daga ranar ba ta ƙara yarda ta cire shi ba. Da shi take cin abinci, da shi take kwana, a tsakiyar zafin bazara, har ƙuraje suka feso mata a wuya.

Falmata ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta gaji ta zuba ido. Wata rana da hantsi ta shiga ɗaki ɗaukar almakashi, ta tarar da yarinyar a gaban madubi tana ɓare salatif daga kunnen. Ashe ta daɗe tana manne shi da kanta a ƙarƙashin hijabi. Fatar bayan kunnen ta saɓule, ta yi ja. Falmata ta wanke wurin da ruwan ɗumi, ta shafa magani, sannan ta shiga kicin ta yi kukanta.

A Kasuwar Sabon Gari take sayen kwalabe da man turare, wurin wata mata mai suna Veronica, wadda kowa ke kira Maman Precious. Haifaffiyar Sabon Gari ce, Hausarta ba gargada. Tun da Falmata ta san ta, fatar kunnenta na dama a tsage take gida biyu, wani ɗan kunne mai nauyi ne ya yaga ta tun tana budurwa. A wannan zuwan, Veronica na sunkuye tana zuba kwalabe a buhu, sai Falmata ta ga zinariya tana lilo a kunnen.

"Maman Precious, ɗan kunne nake gani a kunnen nan?"

Veronica ta yi dariya ta juyo mata gefen fuska. "Sai yau kika lura, Hajiya? An ɗinke min shi tun kafin Kirsimeti. Duba da kyau, kina ganin tabo?"

Falmata ta matso ta duba. Wani siririn layi ne kawai, kamar zare.

"A ina aka yi miki?"

"Wani ƙaramin asibiti a bayan Titin Ibrahim Taiwo. Likitar mace ce, Dakta Nneka. Ina zaune muna hira ta gama, ko barci ba a sa ni ba. Ba mu manya kaɗai ba, har yara ake kaiwa. Na ga wani yaro an naɗe masa kunnuwa duka biyu, uwarsa ta ce da sun bazu kamar faranti."

Falmata ta zauna a kan benci, ta kwashe labarin Jawahir ta faɗa mata, har da salatif ɗin. Veronica ta girgiza kai ta ce, "Ki kai ta a duba. Dubawa ai ba yanka ba ce."

Da Falmata ta kawo maganar a gida bayan cin abinci, Hambali ya ce, "A yanka yarinya lafiyayya? Kunnen nan fa yana ji."

Ya Gumsu, mahaifiyarsa, ta ce, "Halittar Allah ce. Wa ya fi Shi iya tsarawa?"

Falmata ba ta ja da su ba. Ta kira Jawahir, ta ɗaga gefen hijabin ta nuna musu fatar da ta saɓule, ta sallame ta. Tsohuwa ta kawar da kai. Daga baya Hambali ya faɗa wa matarsa abin da ya fi damunsa. Ba yankan ba ne, allurar barci ce. Ya sha jin labarin waɗanda aka yi wa ba su farka ba.

Duk da haka washegari bayan la'asar ya tsayar da limamin masallacinsu ya tambaye shi. Malam ya ce kawar da wata tawaya da ke cutar da mutum daban, sauya halitta don ƙawa daban, ya kawo misali da jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe aka ɗinke masa. Da Hambali ya maida wa mahaifiyarsa amsar, ta ce, "To, malamai sun fi ni sani. Amma ƙafata ƙafarku."

Haka suka je asibitin su huɗu. Dakta Nneka ta gaishe da manyan, sannan ta jawo kujera ta zauna dab da yarinyar.

"Jawahir, zan iya gani?"

Jawahir ta dubi uwarta, ta zame hijabin kaɗan. Likita ta taɓa kunnen a hankali, ta juya shi, ta duba ɗayan. Ta yi musu bayani cewa guringuntsin ne bai tsaya yadda ya kamata ba tun a ciki. Za a tsaga ta baya, a gyara masa zama a ɗinke, tabon ya ɓoye a bayan kunne. Ta ce kada su sa ran zai zama daidai da na dama kamar an buga a inji, kuma zai kumbura kafin ya yi kyau.

Hambali ya gyara murya. "Likita, maganar barcin fa?"

"Babba ana iya kashe masa wurin kawai, amma yarinya kamarta ba za ta iya zama shiru ba, dole a sa ta barci. Ba zan ce maka babu haɗari ko kaɗan ba, Alhaji. Amma sai mun gwada jininta mun duba ƙirjinta tukuna, kuma akwai likitan da ba shi da wani aiki a ɗakin sai lura da numfashinta har ta farka."

Ta sake juyawa wurin yarinyar. "Ke fa, kina so? Idan ba kya so, ko Babanki ya ce a yi, ba zan yi ba."

"Ina so," in ji Jawahir. Can ta ƙara da cewa, "Zai yi zafi?"

"Zai yi na 'yan kwanaki. Za mu ba ki magani."

"To a yi."

Aka sa ranar cikin hutun makaranta. Da sassafe suka isa, yarinya ba ta ci komai ba kamar yadda aka ce. Da aka tura ta ciki a kan gado mai taya, Ya Gumsu ta ciro carbi ta zauna a ƙarshen benci. Hambali ya kasa zama. Ya fita bakin titi ya dawo, ya sake fita. Waya ta dame shi daga kasuwa, ya kashe ta. Ana cikin haka sai ga Veronica da filas ɗin shayi da burodi, ta bar wa 'yarta shago. Ta yi tayi, babu wanda ya iya kai komai baki.

Lokacin da likita ta ɗiba ya cika, har ya gota. Falmata ta kafa wa ƙofar ido. Sai wata nas ta fito da sauri ta wuce su, ta dawo a guje da wani abu a hannu. Falmata ta miƙe tsaye. Veronica ta bi bayan nas ɗin, ba ta jima ba ta dawo.

"Ba wurinmu ba ne, Hajiya. Wata ce ke haihuwa a ɗakin gefe. Ki kwantar da hankalinki."

Ba a daɗe ba Dakta Nneka ta fito tana cire hular aiki. "An gama lafiya. Guringuntsin ya ɗan yi taurin kai, shi ya sa muka jima. Ta farka, ruwa take nema."

Hambali ya zauna a kan benci karon farko tun safe, ya cire hula ya rufe fuska da ita. Falmata ta ji kamar an sauke mata buhun gero daga ka. Ya Gumsu ta shafa addu'a, ta mayar da carbi cikin jaka, ta dubi Veronica ta ce, "'Yar nan, zuba min shayin naki, har da burodin."

Da yamma aka sallame su, kan Jawahir a naɗe da farin bandeji kamar rawani. Rana ta biyu ta fi wuya. Wurin ya yi ta zugi, yarinya ta yi kuka har muryarta ta dishe, Falmata ta soma tambayar kanta ko ta yi daidai. Ya Gumsu ce ta karɓi jinyar. Ta mayar da ita ɗakinta, ta tokare ta da matasai don kada ta juya ta kwanta a kan kunnen. Da ƙaiƙayi ya zo, sai ta riƙe mata hannuwa tana ba ta labarin garinsu na can gabas har ya lafa.

Ranar kwance bandejin ta zo. Kunnen ya kumbura ya yi duhu, har ya fi na dama girma. Likita ta miƙa wa Jawahir madubi. Ta daɗe tana kallo.

"Mama, ya kumbura."

"Kumburin zai saɓe," in ji likita. "Dubi samansa."

Jawahir ta karkata kai, ta ɗaga madubin sama kaɗan. "Ya tashi tsaye," ta ce a hankali. Ba ta mayar da madubin ba sai da aka karɓa.

Aka ba ta wani ƙyalle mai laushi da za ta riƙa ɗaurawa idan za ta kwanta. Sannu a hankali kumburin ya tafi, launin fata ya dawo. Kunnen hagu ya ɗan fi na dama ƙanƙanta, amma sai wanda ya tsaya ya auna zai gane. Ƙurajen wuya suka bushe. Falmata ba ta ma san ranar da yarinyar ta soma yawo a tsakar gida kai a buɗe ba, ta dai ɗaga kai wata rana daga kaskon turare ta gan ta tana ɗibar ruwa haka nan.

A dubawar ƙarshe Dakta Nneka ta ce komai ya warke, ta yi wasa ta kwanta yadda take so. Daga asibitin suka biya Sabon Gari. A cikin shago Jawahir ta zame hijabi ta tsaya a gaban Veronica.

"Wanne ne ma aka yi wa aikin?" in ji Veronica tana duba wannan tana duba wancan.

"Ki canka."

Veronica ta nuna na dama. Jawahir ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ta faɗi.

Suka tari adaidaita sahu zuwa Kwaciri. Cunkoso ya tsare su a hanya, rana ta yi zafi, Jawahir ta soma gyangyaɗi a tsakanin iyayenta. Can kanta ya faɗa kafaɗar ubanta, a kan kunnen nan na hagu. Falmata ta kai hannu da sauri za ta ɗago ta.

"Bar ta," in ji Hambali. "Likita ta ce ya warke."

Ta janye hannun, ta jingina da kujera, suka jira hanya ta buɗe.