Muryar Arivu

Ponnammal na tsoma wainar idli a miya da hannunta mai lafiya sai ga 'yan sanda biyu a ƙofar ɗaki. Ɗanta Arivu suke nema, direban keken haya.

Shekara arba'in ke nan, duk ranar da aka saki fim ɗin jarumin da yake gwaninta a Madurai, da ita ake nunin farko, tana guɗa samari na kwarara wa ƙaton hotonsa madara a ƙofar silima. Bana shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita, ga sabon fim ɗinsa ya fito. Ta yi ta mita har Arivu ya gaji, ya shiga silima, ya maƙala waya a aljihun riga, ya ɗauko mata fim ɗin ɗungurungum. Ita kuwa ba ta iya cin daɗi ita kaɗai ba, sai ta tura wa ƙanwarta a Salem. Kafin la'asar fim ɗin ya hau shafin ɓarayin fina-finai.

"Amma, ɗanki ya rage mana aiki," in ji babban cikinsu, yana kiranta Amma, wato uwa a yarensu. "Ɓarawon ƙwarai shiru yake yi. Shi kuwa bini-bini sai ya ce, 'Amma, kin gani? Arivunki ya cika alkawari.' Tikitin ma da lambar wayarsa ya saya."

"Ni na sa shi. Ku tafi da ni."

"Har da gadon?"

"Kai ba ka kalla ba?"

"Sau biyu. Hoton sai rawa yake."

Suka tasa Arivu gaba, suka haɗa da wayoyinsu duka biyun.

*

Lauya ya ce ɗaurin na iya kai shekara uku. Masu shafin kuwa, da ba wanda ya san fuskarsu, sun sauya adireshi sun ci gaba da sha'aninsu. Ponnammal ta san jikinta ba zai kai shekara uku ba. Ta tsani bakinta da ya yi mitar nan.

*

Ranar da aka hana beli, maƙwabciyarta Vasuki ta kawo mata kofi mai zafi.

"'Yar nan, sauko mini da fim ɗin nan a wayarki."

"Yanzu akwai mai kyau, Amma, tas da shi."

"Mai rawar nake so."

Da ya fara, ko kallon gwanin nata ba ta yi ba. Ta manna wayar a kunne, ta rufe ido, tana jiran wurin da Arivu zai kira ta.